Allon Masu Furfura

Shagon askin da ke tsakanin mai facin taya da kantin magani na mutum biyu ne da ba sa ga maciji. Ɗaya shi ne Mai Aski, wanda ya tsufa a tsaye bayan kujera har ƙafafunsa suka koyi kumburi da yamma. Ɗayar matar marigayi yayansa ce, wadda kowa ke kira Uwar Roba saboda bokitai da butoci da take kasawa a kan tebur a bakin kasuwa. Shi da yayan suka gina shagon, wannan ya kawo bulo wancan ya kawo kwano. Da yayan ya rasu, rabinsa ya koma hannun matar da 'ya'yanta. A da akwai wasa tsakaninsu irin na mace da ƙanin miji, tana ce masa mijin aro, yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Daga baya dariyar ta fice daga cikin kalmomin, kalmomin kuma suka zauna.

Abin da ya dagula ruwan yana tsallaken titi. Wani da Mai Aski ya koya wa riƙon almakashi da hannunsa, ya girma ya yi gemu, ya buɗe nasa shagon daidai saitin na ubangidansa. Ya lulluɓe bango da madubai har aka laƙaba masa suna Madubi, ya rataye talabijin mai nuna ƙwallo, ya sa kiɗa, ya ajiye dogon benci a waje. Samari suka kwashe suka koma can kamar an yi musu kiranye, yara suka bi yayyensu. Mai Aski ya rage da kujerarsa mai ƙara, da fankar da ke juyawa kamar tana jin barci, da tsohon allon da yayansa ya sa aka rubuta: ASKI NA KOWA DA KOWA.

Uwar Roba ta ce abin da yake na kowa da kowa, ba na kowa ba ne. Ta ce ita ruwan sama na dukan kayanta, rana na cinye musu launi, masu kula da kasuwa na tashinta daga nan zuwa can, alhali ga rufin mijinta yana yi wa ƙudaje inuwa. Ko dai shagon ya farfaɗo, ko ta shigo da robobinta shi ya san inda zai kai kujerarsa. Mai Aski ya san ba barazanar baki ba ce. Ya kuma san in ya fita daga ɗakin nan, ba shi da ƙarfin gina wani, ba kuma zai je ya roƙi yaronsa kujera ba ko da zai ci ƙasa.

Ba ta tsaya ga magana ba. Ta bar wa 'yarta teburin, ta ɗauko kujerar roba ta dasa a kusurwar shagon, ta ce za ta ga da idonta inda cinikin ke zurarewa. Ya ce mata shagon aski ba wurin zaman mata ba ne. Ta ce rabin da take zaune a kai nata ne, in yana so ya zo ya auna.

Mace ce da ta yi rayuwa a kasuwa, idonta ba ya barci. Kafin mako ya zagayo ta ga abin da shi ya daina gani saboda sabo. Masu zuwa ba su da yawa, amma ba sa yankewa, kuma duk kala ɗaya ne. Direban babbar mota, mai ɗaukar kaya a tasha, masinjan wani ofis, da wani mai gadin sito da ake kira Sajan ko da yake bai taɓa riƙe abin da ya fi kulki ba. Duk sun manyanta. Ba sa zuwa bibbiyu. Sai rana ta take, titi ya yi tsit, sannan mutum zai shigo hula a danne har kunne, ya gaisa a gajarce, ya ga mace a zaune ya ɗan ja da baya, Mai Aski ya yi maza ya ɗaga masa labulen ɗakin baya inda famfo da kwanon wanke kai suke. Can bayan wani lokaci mutum ya fito yana tafe kamar an sauke masa kaya.

Abin da ake yi a bayan labulen rini ne. Mai Aski yana dama shi a murfin kwalba, yana shafawa da tsohon buroshin haƙori, sili-sili, ba gaggawa. Kuma yana da wata dabara da ba ya gaya wa kowa: ba ya rine kai duka. Yakan bar 'yan fararen gashi a gefen kunne da ƙasan gemu, don ya san baƙi wuluk a kan fuskar da ta yamutse tonon asiri ne. Wanda ya fito daga hannunsa ba ya kama da wanda ya yi rini, yana kama da wanda tsufa ya yi wa sallama bai shigo ba tukuna. Da wannan yake taƙama a ransa. Ya sakankance hannunsa ne ke dawo da su.

Uwar Roba ta jira har shagon ya zama daga ita sai shi, sannan ta juyo.

"Mijin aro, kai wawa ne ko makaho? Ga mutanenka nan suna shigo maka da ƙafarsu, kai kana leƙen samarin Madubi kamar bazawarin da aka ƙi."

Ya ce mata ta iya bakinta.

"Ba zan iya ba. Yaro ba zai dawo maka ba, ka tsufa, kujerarka ta tsufa, har almakashinka tari yake yi. Masu furfura su ne naka. To ka kira su da sunansu mana. Mai bokiti ba ya rubuta wa jama'a cewa yana sayar da komai."

Maganar ta shige shi, shi ya sa ma ya ƙi ta. Da wani ne ya faɗa da ya karɓa tun a ranar, amma daga bakinta ko zuma ce sai ta yi masa ɗaci. Ya yi kwanaki yana cewa shi ba a koya masa sana'arsa, tana cewa sana'ar da ba ta ciyar da mai ita sunanta wahala. Abin da ya karya shi ba ita ba ce. Wata safiya yana share ƙofa, Madubi ya ɗago murya daga tsallake, a gaban samarinsa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce Oga barka da asuba, yau ma ƙudajen ne za a yi wa gyaran fuska? Benci ya kwashe da dariya. Mai Aski ya jingine tsintsiya, ya shiga ya ce wa Uwar Roba ta kira mai fenti ya sauya allon.

Ita ta zaɓi kalmomin. Mai fenti ya goge rubutun marigayi, ya rubuta da ja, manya-manya yadda na cikin mota ma zai karanta: GIDAN DATTAWA, MUNA MAYAR DA TSOHO YARO. Mai Aski kuwa, tunda ya shiga rawar sai ya ga bai kamata a fi shi juyi ba. Ya sa aka zana kawuna biyu a gefe, ɗaya fari fat ɗaya baƙi. Sannan ya yi abin da ba wanda ya sa shi: ya cire labulen, ya ninke, ya jawo kujerar rinin daga ɗakin baya ya kafa ta a gaban taga. Ya ce aikin da ya kai a gani ba a ɓoye shi, bari Madubi da 'yan kallonsa su ga yadda ake aski. A ranar, karo na farko tun rasuwar yayan, su biyun suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a titi suna kallon abu ɗaya, kowa yana jin shi ya yi dabarar.

Direban babbar mota ya zo washegari, ya rage tafiya, ya ɗaga kai ya karanta, ya wuce kamar kantin magani ya nufa. Masinja ya hango daga nesa ya juya. Mai Aski ya ce sabon abu ne, sai an saba. Uwar Roba ta ce haka ne, kasuwa a kai miki dole.

Sajan ne bai lura ba. Shi mutum ne da ke tafe kai a ƙasa, kuma karatu bai dame shi ba. Ya shigo da tsakar rana kamar kullum, ya nufi inda labule yake ya tarar da ƙofa tsirara. Ya tsaya turus. Mai Aski ya tare shi da fara'a, ya ce an yi gyara ne, nan ya fi haske, ya zaunar da shi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya tun kafin ya gama shawara da zuciyarsa. Sajan ya dubi titi ya ga ba kowa sai zafin rana, ya cire hula.

An shafe rabin kan ke nan aka tashi daga kallon ƙwallo a tsallake. Samari suka fito suka cika benci. Ɗaya ya hango, ya taɓa na kusa da shi. Sai aka hau fito da tafa hannu. Wani ya ce Baba a fito ango, wani ya ce a rage masa shekara talatin a bar masa canji, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Madubi ya fito yana cewa ku bari mana, ku bari, yana dariya har da riƙe ciki. Sajan ya yunƙura zai tashi, amma ina mutum zai je da kai rabi fari rabi baƙi, rini na gangaro masa ta bayan kunne? Ya koma ya zauna, ya runtse ido. Mai Aski ya ƙarasa aikin a gaggauce, har ya manta bai bar fararen gefen kunne ba. Sajan ya danna hula a kan jiƙaƙƙen gashi ya fita.

Hoton ya yi yawo a wayoyi har ya isa sito. Dama manajan wurin ya daɗe yana rage tsofaffin masu gadi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ɓarawo ba ya tsoron mai tari. Sajan ya tsira ne saboda ba wanda ya san shekarunsa, shi ma bai taɓa faɗa ba. Aka kira shi ofis, aka yi masa godiya, aka karɓi kulki da tocila.

Ya dawo shagon da yamma, ba hula. Bai zauna ba. Uwar Roba na kusurwarta. Sajan ya dubi Mai Aski.

"Ka gama da ni, hankalinka ya kwanta?"

Mai Aski ya fara cewa shi wallahi bai yi nufi ba, aikin hannunsa kawai ya so a gani.

"Hannunka? Kai kana tsammani hannunka nake zuwa nema? Rini ko jikata ta iya shafawa. Labulen nan nake biya, da bakinka da ba ya magana. Ni ba ango nake son zama ba, aiki nake riƙewa da shi. Duk wanda ka ga ya shigo nan a ɓoye, abincin gidansa ne a kan gashin nan. Ka ɗauke mu ka shanya a titi."

Ya juya ga Uwar Roba ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ke kuma Allah ya ba ki tsawon rai ki ga taki furfurar a allo. Ya fita.

Daga ranar ko kare bai sake leƙowa ba. Samari ba su zo ba, dama ba a kira su ba. Dattawan da aka kira da babbar murya suka bi ta wani titin. Kujerar ta zauna a gaban taga tana kallon Madubi yana aski har hannunsa na gajiya.

Rigimar da ta biyo baya sai da mai faci ya ajiye guduma ya saurara. Mai Aski ya ce ita ta kashe shagon da bakin nan nata mai kama da reza, ita ta rubuta tsoho a ƙofar mutane. Ta ce ita allo ta ce a rubuta, wa ya aike shi ya tsiraita bayin Allah a taga? Ya ce da ba ta zo ta dasa masa kujera kamar mujiya ba da yana nan da rufin asirinsa. Ta ce rufin asirin da ba ya sayen sabulu. Ya ce yayansa ma haƙuri ya yi da ita har ya kai shi kabari. Ta miƙe, ta ɗauki kujerarta ta roba, ta ce gobe birkila zai zo, rabi da rabi, kuma gaba nata ne tunda marayu take ciyarwa, shi ya koma baya can wurin famfo ya yi ta rina ɓeraye.

Yana iya kai ƙara wurin dangi, amma sai ya maimaita abin da ya faɗa game da yayansa a gabansu, shi ya sa ya haɗiye. Birkila ya zo ya ja igiya ya tsaga shagon. Da aka zo maganar ƙofa, ya ƙwanƙwasa bangon baya ya ce wannan na gidan maƙwabta ne, ba a fasa shi. Dole ta cikin rabinta za a bar masa hanya. Ta ce a bar masa daidai faɗin kafaɗarsa, kada a ƙara ko ɗan yatsa. Mai fenti ya dawo ya shafe dattawa da kawunansu biyu, ya rubuta ROBOBI DA KAYAN GIDA. Ta jera bokitai har rufi, ta rataye butoci da igiya, bahuna a kife kan juna. Ƙofar tasa kuwa ta samo wani tsohon tamfol mai kauri ta rataya a kai, ta ce ba ta son tana ɗaga kai tana ganin fuskarsa.

Mai Aski ya zauna a ɗakin baya, ba taga, ba allo, ba titi. Ƙwan lantarki ɗaya, famfo mai ɗiga, kujera da madubin da ya tsage a gefe. Kullum da safe sai ya bi ta tsakanin bokitai a karkace, ba ya gaishe ta ba ta gaishe shi. Yana zaune yana jin muryarta ta bayan tamfol tana ciniki da mata, yana lissafin ranar da zai kwance kujerar ya sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

Wata rana da azahar ya ji muryar namiji yana taya buta. Ya san muryar, direban babbar mota ne. Aka yi ciniki aka gama, mutumin bai tafi ba. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ƙwanƙwasa wancan. Can ya rage murya ya ce, mutumin nan kuwa yana nan? Mai Aski bai ji amsarta ba, da alama da baki ta nuna. Tamfol ya motsa, direba ya shigo a karkace da buta a hannu, ya dubi bango huɗu ba taga, ya sauke ajiyar zuciya ya cire hula. Kan ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ba wanda ya ta da maganar allo. Mai Aski ya dama rini a murfin kwalba, ya bar fararen gefen kunne. Direba ya fita ta cikin robobi yana kaɗa butarsa, samarin benci suka ga tsoho ya sayi buta, suka mayar da ido kan ƙwallo.

Bayan shi masinja ya zo ya fita da kofi. Mai ɗaukar kaya ya fita da mazubin sabulu. Suka fara kawo wasu da Mai Aski bai taɓa gani ba, wani mai tuƙa motar makaranta, wani ma'aikacin otal, kowa ya ji a bakin wani, a hankali, kamar labarin maganin basir. Ba mai shiga hannu wofi ya fita hannu wofi, don mutum na bukatar abin da zai nuna in an tambaye shi me ya kai shi. Uwar Roba ta gane tun a na biyu. Ta matsar da tulin bahuna ya ƙara kare ƙofar, ta daina ɗaga kai in namiji mai hula ya wuce ta. In mata sun cika shagon sai ta yi tari sau biyu, na ciki ya jira. Ba su taɓa zama sun shirya wannan ba, don har yanzu ba sa magana sai ta kama dole.

Sajan ma ya zo, sau ɗaya. Mai Aski na tsakiyar aiki ya ji muryarsa yana neman babban bokiti mai ƙarfi, wai wankin mota yake yi yanzu a bakin tasha. Almakashi ya tsaya a iska. Ta wata 'yar ɓula a tamfol ya hango shi, kai fari fat ba hula, ya rame. Uwar Roba ta ce ya ɗauka kawai, ya ce shi ba bara ya zo ba, ya biya. Ya dubi tamfol ɗin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya saɓa bokitinsa ya fita. Wanda ke kan kujera ya ce Malam lafiya? Mai Aski ya ce lafiya, ya ci gaba.

Da yamma yana fita a karkace ta tsakanin kaya, Uwar Roba ta yi magana ba tare da ta dube shi ba, tana kakkaɓe ƙura daga murfin kula.

"Mijin aro, ka gaya wa tsofaffinka na gaji da mai sayen cokali ɗaya. Wanda ke son asirinsa ya rufu, ya ɗauki baho."

"Ki gaya musu da kanki. Ba ke ce allon ba yanzu?"

"Ni ce ƙofar ma. Ka tuna da wannan in bakinka ya sake yi maka ƙaiƙayi a kan mijina."

Ya tsaya kamar zai mayar, ya dubi faɗin hanyar da ta bar masa, daidai kafaɗa, ya haɗiye. A tsallake Madubi ya ɗago hannu ya ce Oga an tashi, yau bokiti nawa aka aske? Mai Aski ya gyara hularsa a kan nasa gashin, wanda shi ma ba wanda ya san launinsa na gaskiya, ya wuce.